Salamin da Ya Yi Kuka

"Cire tsinken nan daga bakinka ka sake faɗa, Dorvalino! So nake kowa ya ji!"

Seu Dorvalino bai cire ba. Ya dai tura tsinken sakacen da harshe zuwa ɗaya gefen bakin, ya gyara wa tumbinsa zama a kan bel, ya ce, "Cewa na yi hannunki ya mutu, matar yaya. Ba zagi ba ne. Tsufa ne, kowa can za shi."

"Sai dai ka riga ni, da wannan cikin naka."

"To ga shaida nan a kan tebur. Ni na yi ta?"

Nan fa Dona Zelinda, matar yayan nasa, ta juya ta dubi teburin. Don kuwa shaidar tana nan shimfiɗe a kan dogon teburin madafin zauren coci, a gaban 'yan kwamiti da matansu da duk wanda ba a gayyata ba. Salamin bikin Waliyyi Roque ne, wato niƙaƙƙen naman alade da ake cusawa a hanji a busar, wanda aka rataye a ɗakin hayaƙi tun shigowar sanyi. Yau aka sauko da shi don a ɗanɗana, aka sa wuƙa, sai ga abin kunya. Maimakon ja wur mai ɗigon farin kitse, cikin ya koɗe kamar naman kazar da ta yi jinya. Ya saki jikin hanjin da aka cusa shi ya bar kogo, yana marmashewa a hannu, ga wani tsami marar daɗi. Ƙasan ɗakin hayaƙin kuwa duk tabon ruwan da ya ɗiga ne. Mata suka ce salamin kuka ya yi.

A nan ƙauyen Linha Capivara kowane gida kan ba da alade don bikin Waliyyi. Maza su yanka, mata su niƙa, amma hannu ɗaya ne ke zuba gishiri da tafarnuwa da masoro da giyar inabi, ya cuɗa, ya ce ya yi. Hannun nan na Zelinda ne tun tana da baƙin gashi. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse birni, gonar ma wani ke nomawa. Abin da ya rage mata wanda in ta shiga taro ake janyo mata kujera, shi ne wannan. Mutane har daga ƙetaren kogi suke zuwa bikin, kuma Allah ya yafe mana, ba don Waliyyin suke zuwa ba.

"Ko dai gishirin kika manta?" in ji Dorvalino, cikin muryar nan ta tausayi da ta fi mari ciwo.

"Ran da zan manta gishiri, ran nan za ka manta hanyar shagon giya."

Aka yi dariya, amma gajeriya, don ido yana komawa kan tebur.

"Ni dai amana aka ba ni," ya ce, don shi ne shugaban kwamiti, kuma ba ya bari a manta. "Dole a sake yanka, biki ya matso, kuma ba mu da aladun da za mu riƙa zubarwa. Ina ganin a wannan karon Nair ta karɓi aikin. Ki huta, matar yaya. Kin yi naki."

Dona Nair, matarsa, ta sunkuyar da kai tana murza gefen tawul kamar ita aka kama da laifi. Da tsoho Primo bai yi gyaran murya ba, da a ranar an gama. Shi ya ce macen da ta ciyar da su tun suna samari ta cancanci a ɗaga mata ƙafa, a bari sai Lahadi mai zuwa bayan an fito daga coci a yanke magana.

Zelinda ta tafi gida kanta a sama, har da tsayawa ta yaba wa wata furanninta. Sai da ta rufe ƙofa ta zauna gaban murhun ƙarfe sannan ta zuba wa hannayenta ido. Abin da ba ta gaya wa kowa ba, a watan jiya ta nemi tabaronta har ta gaji, ta tsince shi cikin garin masara. Idan da gaske ne fa? Idan ta zuba gishirin a zuci ne kawai?

Ta tuƙa tuwon masara ta kasa ci. Tana juya cokali a ciki sai ranar yankan ta dawo mata.

Kowa ya san yadda ake yanka a nan tun zamanin kakanni. Maza su karya da giyar rake, a buɗe wa alade ƙofa, a bi shi a guje da ihu da karnuka, wannan ya kama kunne ya suɓuce, wancan ya faɗa cikin taɓo, yara suna shewa. Rabin daɗin ranar ke nan. Aladun zamanin da, baƙaƙen nan masu kitse, sai su wahalar da ƙato biyar su koma cin masara. Amma a ranar, a gidan Primo, wani alade ya zube ana tsakiyar gudu, baki buɗe, ƙafafu sun miƙe kamar taɓare, fata ta yi tabo ja-ja. Kafin wuƙa ta iso ya riga ya tafi. Maza suka ce ya rage musu aiki. Naman da aka kawo mata a robobi kuwa, ta tuna yadda yake: fari-fari, ruwa kwance a ƙasa, in ta cuɗa ba ya kama yatsa. Ta yi magana, Dorvalino ya ce ai naman zamani ke nan, tsoka zalla, ita ce ta saba da kitse.

Washegari ta ɗaura gyale ta nufi kanti, inda tarho ɗaya tilo na garin yake. Matar mai kanti ta hau goge wuri ɗaya a kan kanta har katakon ya kusa hujewa. Zelinda ta kira 'yar autarta Ivanete, wadda ke aiki a tashar binciken dabbobi a birni. Mutanen gari kan yi dariya su ce ana biyan yarinyar albashi don ta leƙa nama ta madubin ƙara girma, alhali uwarta da hanci take gane shi.

"Ki zo ran Asabar," ta ce. "A'a, lafiyata lau. Salami ne ba shi da lafiya."

Ivanete ta iso a motar safe. Ta yanka salamin, ta murza, ta sansana, ta sa uwar ta ba ta labarin ranar yanka daga farko. Da aka zo kan aladen gidan Primo sai ta ajiye wuƙa.

"Ƙafafun bayan ne suka fara sandarewa?"

"Kamar kina wurin."

"Mama, ba hannunki ba ne."

Zelinda ta tashi ta je ta gyara itacen murhun da ba ya bukatar gyara, ta daɗe a can tana jan hanci, ta ce hayaƙi ne. Sannan ta dawo ta zuba ruwan zafi a ƙwaryar shayin ganye, ta zuƙa, ta miƙa wa 'yar.

"To faɗa mini. Amma da bakin mutane, ba na ofis ba."

"Tsoka ba dunƙule ɗaya ba ce, Mama. Zaruruwa ne sirara, sun fi gashin kai siranta. A cikin kowane zare akwai ɗan rumbu, an tara kalsiyam a ciki, irin abin nan da ke cikin ƙashi da ɓawon ƙwai."

"Ɓawon ƙwai a cikin nama. To, ina jin ki."

"In alade zai motsa, ƙofar rumbun ta buɗe, kalsiyam ya fito, zaren ya ɗaure. Sai a kwashe shi a mayar, ƙofa ta rufe, zaren ya saki. Kowane motsi haka yake, har naki da nawa."

"Nawa ƙofofin sun yi tsatsa."

"Amma akwai aladun da aka haifa da sakatar ƙofar a lalace. In suna kwance hankali lafiya, ba komai. Da sun firgita sai ƙofar ta wangale ta ƙi rufuwa. Tsoka ta ɗaure ta ƙi saki, tana ta ƙona sukarin da ta ajiye, jiki ya ɗau zafi, tsami ya taru a ciki. Wani nan take zai faɗi. Wanda kuma aka yanka cikin wannan hali, tsamin yana kama naman tun da ɗuminsa. Kamar ki matsa lemon tsami cikin madara tana kan wuta."

"Ta tsinke."

"Ta tsinke, ruwa ya koma gefe. Haka naman yake kasa riƙe ruwansa. Ko Waliyyi Roque ne ya sauko ya zuba gishirin, sai ya yi kuka."

Zelinda ta yi alamar gicciye don kada Waliyyin ya ji haushi, sannan ta ce, "Dama ruwa ba ya tsami banza. To daga ina suka samo lalatacciyar sakata?"

"Gado ne. Kuma ya fi yawa a irin aladun nan masu manyan cinyoyi, marasa kitse. Wa ke da namijin da ake kai wa barbara yanzu?"

Wa kuwa, in ba Dorvalino ba? 'Yan shekarun baya ya sayo wani namijin alade jinin ƙasar Beljiyam, fari mai baƙin dabbare, cinyoyi kamar an hura su, ya sa masa suna Duque. Ya yi masa ɗaki da siminti tun kafin ya gyara wa Nair rufin madafinta da ke yoyo, wannan ba gulma ba ce, kowa ya gani. Kamfanin nama yana son 'ya'yan Duque, sai kowa ya riƙa kora macen aladensa gidan Dorvalino, shi kuma a kowace haihuwa ya zaɓi ɗa guda ladansa. Sauran mazan aladun garin aka dandaƙe su aka cinye. Dona Ilga ce kaɗai ta riƙe tsohon baƙin aladenta, ita ma ba don hangen nesa ba. Tun wani daren rawa da Dorvalino ya bar ta tsaye ya ɗauki Nair, ta rantse ko kazarta ba za ta taka gidansa ba.

"Amma tsaya," in ji Zelinda. "Duque ya daɗe a garin nan, bara da bara waccan salamina lafiya lau. Shi zai fara jefo mini ke nan."

"Sai ɗa ya gada ta wajen uba da ta wajen uwa sannan abin yake fitowa sosai. 'Ya'yansa na farko uwayensu tsofaffin aladunmu ne, sun rufa musu asiri. Matan da ake kai masa yanzu fa, 'ya'yan wa ne?"

Zelinda ta shiga lissafi. Ta bi gidajen garin ɗaya bayan ɗaya a kai.

"Uwar Yesu! 'Ya'yansa ake kai masa!"

"Shi ke nan."

"Kuma garin nan kaf ba wanda ya ji kunya!" Ta buga cinya. "To wa zai yarda? In na ce rumbu ne da ɓawon ƙwai, cewa za su yi bayan hannu har kai ya mutu."

Ivanete ta ce akwai gwaji. Ana shaƙa wa ɗan alade iskar sa barci, irin ta ɗakin tiyata, halotan sunanta. Mai lafiya sai ya yi laƙwas ya yi barci. Mai lalatacciyar sakata kuwa iskar tana buɗe masa ƙofar, sai ya sandare. Tashar tasu dama tana yawo gonaki tana wannan aikin, in ta gaya wa shugabanta zai ba ta mota da kayan.

"Sai dai ba duka za su sandare ba, Mama. Wajen rabi."

"Rabi ma ya ishe ni."

"Kuma Kawu Dorvalino ba zai kawo nasa ba."

"Wannan ki bar mini."

Da yamma, bayan ta raka 'yar mota, Zelinda ta shiga kanti sayen ashana alhali tana da ita. Ta jawo matar mai kanti gefe ta ce za ta gaya mata wani abu, amma don Allah ya tsaya tsakaninsu. Gobe 'yan birni za su zo gwada 'ya'yan aladu a zauren coci, kuma ta ji an ce Dorvalino tsoro yake ji, wai ciwon baya zai ƙirƙira ya ƙi fitowa. Matar ta rantse da kabarin uwarta ba mai ji. Kafin kaji su shiga akurki, maganar ta kai ƙetaren kogi ta dawo da ƙari.

Ranar Lahadi cocin ya cika kamar Kirsimeti. Fada, limamin cocin, yana huɗuba, ana jiyo kukan 'ya'yan aladu daga cikin buhuna da kwanduna a waje, ya ga ba mai sauraronsa ya taƙaita. Aka ɗunguma zaure. Ivanete ta riga ta kafa kayanta a kan teburin nan dai: tukunyar iska, tiyo, da wani mazurarin roba da ake kifawa a hanci. Ta sa farar riga. Dorvalino ya iso da hular zuwa biki, yana tafe yana miƙe baya don kowa ya ga lafiyarsa ƙalau.

"Ina likitar salamin?" ya ce. "A'a, 'yar yayana ce! Jiya-jiya kike bin agwagwa ba wando."

"Barka da fitowa, Kawu. Ya baya?"

Aka kwashe da dariya, ya haɗiye.

Ta yi wa jama'a bayanin rumbu da sakata a taƙaice, sannan ta fara da baƙaƙen 'ya'yan aladun Dona Ilga. Ta kifa wa na farko mazurari, ya ɗan yi tsuwa, ya yi shure-shure, sai ya narke a hannunta kamar tsumma. Ta ɗaga ƙafarsa ta saki, ta faɗi laƙwas. Na biyu ma haka.

"Raggaye ne kamar ubansu," in ji Dorvalino.

"Ubansu dai bai taɓa barin mace a tsaye ba," in ji Ilga, ba tare da ta dube shi ba.

Sai aka zo kan jinin Duque. Aka miƙo wani fari mai dabbare. Zelinda ta matso har cikinta yana taɓa tebur. Iska ta shiga, ɗan aladen ya lumshe ido, ya yi laƙwas. Aka kawo wani, shi ma laƙwas. Aka kawo na uku, har da minshari.

Dorvalino ya cire hula yana fifita da ita, a cikin wannan sanyin.

"Jama'a, mun gode da wasa. An sa aladu barci. Matar yaya, ko ke ma a ɗan shaƙa miki ki huta?"

Wannan karon dariyar ta yi tsawo. Zelinda ta shiga ƙirga buhunan da suka rage. Ta san an ce rabi, amma wa ya ce rabin yana cikin buhunan da aka kawo? Ta ga mata suna kau da kai don kada su haɗa ido da ita, kuma ta san wannan kau da kan, ita ma ta sha yi wa wasu. Ta dubi Ivanete. Yarinyar ko gezau, ta dai miƙa hannu ta ce a kawo na gaba.

Na gaban na gidan Primo ne. Ya shaƙa, ya lumshe ido, sai jelar ta fara rawa. Ƙafafun baya suka miƙe zar. Ivanete ta janye mazurarin, ta ce wa Primo ya lanƙwasa ƙafar. Tsohon ya kama, ya gwada, ya ƙara ƙarfi.

"Kai! Itace ne!"

Zauren ya kaure da surutu. Dorvalino ya ɗaga murya a kan kowa.

"Guda ɗaya! Kuma daga ina? Daga ɗakin aladun Primo, inda iska ke shiga ta ko'ina! Sanyi ne ya kama shi. Ku tsaya ku ga jinin gaskiya."

Da bai yi wannan ba, da wataƙila ya fita da sauran mutuncinsa. Amma wanda bai ji bari ba zai ji hoho. Ya fita ya dawo rungume da wani ɗan alade cikin bargo. Wannan shi ya zaɓa ya gaji Duque, a madafi yake kwana kusa da murhu, da madarar saniya ake ciyar da shi. Tun yana ƙarami cinyoyinsa sun yi ɓul-ɓul kamar gwanda biyu. Dorvalino ya ɗora shi a kan tebur da hannunsa.

"Shaƙa masa. Cika masa ma."

"Yadda aka ba kowa zan ba shi, Kawu."

Bai ko kai inda sauran suka kai ba. Jela ta kaɗa, baya ya gantsare, ƙafafu huɗu suka miƙe lokaci guda. Ivanete ta fizge mazurarin. Na gidan Primo da aka cire masa tuni ya saki jiki, amma wannan ya ƙi. Numfashi yake sama-sama, jajayen tabo suna fitowa a cikinsa ana gani.

"Ruwan sanyi!" in ji Ivanete. "Maza!"

Maza kuwa suka tsaya kallon juna. Dorvalino ya ƙame, hannu biyu a ka, yana kiran sunayen waliyyan da bai taɓa kunna wa kyandir ba. Zelinda ce ta ture mutum biyu, ta kinkimo bahon ƙanƙarar da aka jiƙa kwalaben lemo a ciki, ta watsar da kwalaben, ta tsoma bargon ta lulluɓe ɗan aladen. Ta riƙa kamfatar ruwan tana zuba masa a ciki da hammata da bayan kunne, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar jikanta. Ruwan ya jiƙa mata rigar coci har gwiwa. Can sai ƙafa ɗaya ta saki, sai ta biyu. Ɗan aladen ya yi atishawa, ya buɗe ido, ya saki tsuwar da ta cika zauren.

Zelinda ta kamo hannun ƙanen mijinta ta manna a cikin dabbar.

"Taɓa ka ji. Duk ƙanƙarar nan, har yanzu kamar burodin da ya fito daga tanda. Wannan wutar ce ta dafa naman tun kafin ya iso hannuna. Ku kuma kuka bi shi da karnuka kuna hura mata iska."

Daga nan sai aka yi ta miƙo buhuna, kowa yana son ya san nasa. Wasu suka yi barci, wasu suka sandare, Ivanete tana shafa wa masu sandarewa shuɗin fenti a baya. Baki kuma ya buɗe. Wannan ya tuna aladensa da ya mutu a motar kamfani, Dorvalino ya ce laifin direba ne. Wancan ya tuna tasa da ta faɗi ranar da aka kai ta barbara, aka ce maciji ne. Ashe kowa yana da gawarsa, ya binne ya yi shiru don kada a ce bai iya kiwo ba.

Primo ya buga tebur da tafin hannu.

"Maganar da ta tara mu. Wa ke ganin a canza hannu?"

Ba hannun da ya tashi. Wani ma da yake sosa kai ya yi maza ya sauke.

"To Dona Zelinda, ki yi haƙuri ki ci gaba da ciyar da mu."

Kuna tsammani ta ce ta gode? Ta matse gefen rigarta, ta nemi kujera, aka janyo mata har biyu. Ta zauna ta sa aka miƙo mata ƙwaryar shayi, ta zuƙa a hankali har ƙasa, jama'a na jira.

"Zan yi," ta ce. "Amma bana ni zan zaɓi aladun, kuma ba wanda uwarsa 'yar Duque ce da zai shiga robata. Ranar yanka a ɗaure karnuka. Ba gudu, ba ihu. Giyar rake sai an gama. Alade ya fito yana bin masara a hannun matar da ta saba ba shi abinci, ya tafi bai san an yi ba."

"To ina daɗin?" wani ya yi ƙorafi daga baya.

"In gudu kake so, ga fili nan, sai mu saki kare ya bi ka."

Mata suka yi guɗa da tafi. Dorvalino ya samo muryarsa daga inda ta faɗi.

"Duque fa? Kashe mini shi za ku yi da baki?"

"Ba wanda ya ce a kashe shi, Kawu," in ji Ivanete. "Cinyarsa gaskiya ce, ba ƙarya ba. A dai daina kai masa 'ya'yansa, a nemo musu wani jinin. Shi kuma a kawo masa baƙi."

"Kin ji ko?" ya juya ga Zelinda. "Cinyarsa gaskiya ce! 'Yarki ta faɗa!"

"Na ji. Hannuna fa? Ba ka gaya wa mutane halin da yake ciki ba."

"Ai an wuce wurin."

"Ni ban wuce ba. A nan ka tsaya ka ce ya mutu. Ga shi." Ta ɗaga shi sama, jajur saboda ƙanƙara, ta juya shi gaba da baya. "Duba da kyau, ka sanar da jama'a ko za a yi jana'iza."

Dorvalino ya dubi hannun, ya dubi 'yan kwamitinsa, ya ga kowa ya sami abin kallo a rufin zaure. Wuyansa ya kumbura ya yi ja. Ya sunkuci ɗan aladensa cikin jiƙaƙƙen bargo, ruwa yana zuba masa a takalmi.

"Nair! Tashi mu tafi."

Dona Nair tana can ƙarshen tebur, ta riƙe wa Ivanete ƙafafun wani ɗan alade, kuma tunda aka ɗaura mata aure ba a taɓa ganin fuskarta a sake haka ba.

"Yi gaba," ta ce. "Hannuna ba sarari. Kuma tunda ana faɗar gaskiya yau, ni ko ɗaurin bakin hanji ban iya ba, kai ma ka sani. Yaya Zelinda, in kina neman mai ɓare tafarnuwa, ga ni."

"Da sassafe nake farawa."

"Zan riga ki zuwa."

Dorvalino ya buɗe baki, ɗan aladen ya riga shi da tsuwa. Ya juya ya ratsa mutane, suna buɗa masa hanya fiye da yadda yake bukata. Da ya kai bakin zaure ya ga hannayensa biyu a cike suke, ya tsaya yana kokawa da bargo da alade, ya ƙi yarda kowa ya taimaka masa. Ya buɗe ƙofa da gwiwar hannu, ya fita, ya sa ƙafa ya banko ƙofar, garam!